Maki 4 suka rage miki, ki bar mai dala 700 da takardarsa

"Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Bronx, cikin birnin Niyok, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Na ci fannoni 3 cikin 4 na jarrabawar GED, wadda ke madadin takardar sakandare a nan Amurka, kimiyya ce ta tsaya mini a wuya. Na haddace littafi sukutum, amma 141 na samu. Wani ɗan garinmu ya ce in ba shi dala 700, yana da wanda zai zauna mini ta intanet, ko ma a kawo mini takardar kai tsaye. Yayana kuma kullum sai ya bugo, wai in bar karatun tsufa in ƙara awanni, ginin gida ya tsaya. Burina in shiga makarantar jinya. Kaina ya ɗaure."

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ana cin kowane fanni na GED da maki 145, ke kuma kin samu 141. Wadda ta haye lissafi da Turanci da ilimin zamantakewa ba za a ce kanta ba ya ja ba. Inda kika ɓata hanya shi ne haddar nan.

Mu da muka taso a makarantun gida an saba mana da cewa kimiyya ita ce ka haddace ma'anar abu ka juye wa malami. Wannan jarrabawa ba haka aka gina ta ba. Minti 90 ce, ba hutu, kuma mafi yawan tambayoyin suna zuwa da amsarsu a gabanki: ɗan sakin layi, ko jadawali, ko zanen ƙididdiga, ko labarin wani gwaji da aka yi. Abin da ake aunawa shi ne ko za ki karanta ki gane me bayanan suka tabbatar, me kuma ba su tabbatar ba. Kusan kashi 40 cikin 100 daga ilimin halittu masu rai ne, kashi 40 daga sinadarai da ƙarfi da motsi, kashi 20 daga ƙasa da sararin samaniya.

Ga irin abin da nake nufi. A ce an shuka wake a tukwane 3, ƙasa iri ɗaya, ruwa iri ɗaya. Ta farko ba taki, ta biyu cokali 1, ta uku cokali 2, bayan mako 4 aka auna tsayinsu. Za a tambaye ki me mai gwajin ya sauya da hannunsa. Taki. Me ya auna? Tsayi. Me ya sa aka bar tukunya ɗaya ba taki? Don a samu abin kwatantawa. Sai a kawo tarkon: da a ce ta ukun ce kaɗai a rana, sauran a inuwa, za a iya cewa taki ne ya sa ta fi tsayi? Ba za a iya ba, abu biyu aka sauya lokaci guda. Idan wannan tunani ya zauna miki, kin riƙe babban kaso na jarrabawar, ko maganar magani ake yi, ko ta kifi, ko ta zafin ruwa.

Duk zanen da aka ɗora miki, kafin ki kalli zaɓin amsoshi ki karanta kan zanen, ki duba me aka rubuta a gefe da ƙasa, da ma'aunin da aka yi amfani da shi. Mutane da yawa a nan suke zubar da maki, ana maganar minti su ɗauka awa ce. Akwai kuma amsar da gaskiya ce a duniya amma zanen bai nuna ta ba. Ki bar ta, ba ita ake nema ba.

Abin da ya cancanci ki zauna ki iya da ka kaɗan ne. Akwatin gadon halitta mai gida 4, wanda ke nuna cewa idan uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar sikila, kowane ciki yana da damar 1 cikin 4 ta zuwa da cutar. Yadda tsiro ke haɗa abincinsa da hasken rana da ruwa da iskar kabon. Gudu shi ne nisa a raba da lokaci. Fitar da matsakaicin lambobi da lambar tsakiya. Sai aikin zuciya da huhu da ƙoda, wanda aikinki ya riga ya koya miki rabinsa. Wadda take auna hawan jinin tsohuwa kullum tana rubutawa ta san karanta jadawali, ko ba ta lura ba. Kalkuletar da aka yarda da ita TI-30XS ce, tana fitowa a kan kwamfutar. Ki saba da maɓallanta tun a gida. Kuma kada ki bar tambaya ba amsa, ba a rage maki don kuskure.

Ki shiga asusunki na GED.com ki buɗe rahoton wancan zaman, zai nuna miki wuraren da kika yi rauni. Su za ki bi, ba littafin daga farko ba. Bayan 'yan makonni ki yi gwajin share fage mai suna GED Ready, idan ya nuna kore, wato alamar kin shirya, sai ki nemi ranar jarrabawa. Jami'ar CUNY ta birnin Niyok tana da azuzuwan manya kyauta, kuma a jihar Niyok ita kanta jarrabawar ba a biyan ko sisi.

To abin da gwamnati take ba ki kyauta, shi ɗan garinku zai sayar miki a dala 700? Na ga ƙarshen masu bin irin waɗannan dillalai. Wata ta biya, aka kawo mata takarda mai hatimi har da zinariya a gefe, makarantar da ta kai wa ta nemi sakamakon daga hukuma kai tsaye, babu sunanta. Wani kuma bayan ya biya, dillalin ya koma yana tatsarsa da barazanar tona asiri, tunda hoton katinsa da lambobinsa duk suna hannunsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A Janairun 2023 hukumomin tarayya suka bankaɗo wasu makarantu 3 a Fulorida da suka sayar da takardun jinya na bogi sama da 7,600, kuma hukumomin jinya na jihohi suka bi waɗanda suka saya suna ƙwace lasisi. Ga ki baƙuwa, duk wata takardar ƙarya tana iya taso miki ranar da kika je neman zama 'yar ƙasa. Ko a ce ma ba a kama ba, makarantun jinya da yawa suna yin jarrabawar shiga mai suna TEAS, kuma kimiyyarta ta fi ta GED zurfi. Wa zai zauna miki ita? Kada ki tura masa hoton kati, kada ki ba shi lambar sirrin asusunki, kuma ba sai kun yi faɗa ba. Ki ce kin fasa.

Maganar yayanki kuwa, a nan ina bayanki. Bulo ba ya ruɓewa don ya jira wata 3. Mutumin da bai taɓa ɗaga tsoho daga gado zuwa banɗaki da ƙarfe 3 na dare ba, shi ne ke lissafa miki awanni daga inuwa. Bayanki ba zai ɗauki wannan aiki har abada ba, kuma ranar da ya ƙi, masu cewa ki ƙara awanni ba su da abin da za su turo miki. Zumunci wajibi ne, amma ba a ce mutum ɗaya ya ƙare don a rufa wa gini kwano ba. Abincin Mama da maganinta kada su tsaya ko wata guda, wannan haƙƙi ne a kanki. Ginin kuwa ki gaya wa Yaya cikin ladabi cewa kin dakatar da kuɗinsa sai bayan jarrabawa, ki faɗi watan, kada ki shiga dogon bayani. Ki kira Mama da kanki ki sanar da ita kafin labarin ya isa gare ta ta bakinsa.