Tambaya da Amsa: An Ba Ɗana Lissafi Maimakon Kwamfuta, Ko Kuɗina Zai Dawo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sayar da hatsi ne a Funtuwa. Ɗana na fari ya nemi karatun ilimin kwamfuta a wata jami'ar tarayya, amma da sunaye suka fito sai aka tura shi sashen lissafi. 'Yan'uwa suna cewa lissafi ba ya kai mutum ko'ina sai gaban allo da alli, wai gara ya haƙura ya sake rubuta JAMB baɗi. Yana da ƙanne da yawa a bayansa, saboda haka ina so a gaya mini gaskiya ko abin da zan kashe a kansa zai dawo.

Wani uba daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya yi wa zuri'a albarka. Abin da za ka kashe kusan ɗaya ne ko lissafi yaron ya karanta ko kwamfuta, domin kuɗin rajista da ɗakin kwana da abinci ba su da wani bambanci na a zo a gani. Shekara huɗu ce a takarda, ko da yake yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Idan nauyin ya yi yawa, akwai bashin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, wanda babu ruwa a kansa, kuma ba a fara biyansa sai shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, inda ake cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Asarar da ba a cika lissafawa ba ita ce ta shekarar da zai yi zaune a gida yana jiran gurbin da babu tabbacin samunsa.

'Yan'uwanka suna da gaskiya a wuri guda. Takardar lissafi ita kaɗai, ba tare da an haɗa ta da wata ƙwarewa ba, yawanci aikin koyarwa take bayarwa ko aikin gwamnati a mataki na 08, kamar kowane digiri. Ɗan bautar ƙasa yana karɓar naira 77,000 a wata, mafi ƙarancin albashi da doka ta tanada tun 2024 naira 70,000 ne, kuma albashin makarantun kuɗi da yawa bai kai wannan ba. Duk da haka malamin lissafi ba ya cika rasa wurin aiki, kuma darasin yamma ga masu shirin WAEC da NECO da JAMB yakan rufa masa asiri. In zai riƙi koyarwa sana'a, sai ya ƙara difloma ta ilimi ya yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN.

Inda kuɗin yake kuwa shi ne abin da yaron ya ɗora a kan lissafin tun yana makaranta. Bankuna suna ɗaukar masu digiri daga kowane fanni ta hanyar jarrabawar gwaji wadda akwai lissafi a cikinta, sai dai da yawansu suna neman sakamako mai daraja ta biyu ta sama (2:1) kuma suna sa iyakar shekarun haihuwa, wanda ke nufin shekarar jiran nan tana iya rufe masa ƙofa nan gaba. Yana iya rubuta jarrabawar ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN ya zama akanta ko da bai karanta akanta a jami'a ba. Kamfanonin inshora da na fansho suna buƙatar masu ƙiyasta haɗari da biyan diyya, kuma masu wannan ƙwarewa kaɗan ne a Najeriya. Wanda ya iya sarrafa bayanai a kwamfuta da Excel da SQL da Python zai iya aikin tantance bayanai a bankuna, da kamfanonin sadarwa, da ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Arewa, kuma a irin wannan aiki ɗalibin lissafi ba ya jin kunyar ɗalibin kwamfuta. Ga mai sakamako mai kyau ƙwarai, cibiyar nazarin lissafi ta AIMS da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, mai rassa a Gana da Kamaru da Senegal da Ruwanda, tana ɗaukar nauyin digiri na biyu gaba ɗaya.

Akwai sharaɗi, Alhaji, kuma a ganina shi ya fi komai nauyi. Lissafin jami'a ba irin na sakandare ba ne, domin daga aji biyu lambobi suna raguwa, sai ɗalibi ya cika shafi guda yana kafa hujjar dalilin da ya sa wata ƙa'ida ta zama gaskiya. Yaron da ya ci lissafin WAEC da haddar dabaru yakan sha wuya a nan, kuma digiri mai daraja ta uku a lissafi ba ya buɗe da yawa daga cikin ƙofofin da na ambata. Ka dubi makin da ya samu a lissafi a JAMB, sannan ka sa ya je sashen ya zauna da wani ɗalibi ɗan aji uku, ya buɗe littafin darasinsa ya gani da idonsa. Idan abin ya ba shi sha'awa maimakon tsoro, shawarata ita ce ya karɓi gurbin, ya tambayi ƙa'idar sauya sashe bayan shekarar farko, domin wasu jami'o'in suna yarda ga mai maki mai kyau, kai kuma ka sa kuɗin kwamfutar tafi-da-gidanka, ko da ta hannu ce, cikin kasafin shekararsa ta farko.