Ku Tambaya Mu Amsa: Giɓin Kasafi da Kujerar Ma'aikaci

Tambaya: Ni ma'aikaci ne a sakatariyar Giginya, shekarata 20 a bakin aiki. Duk lokacin da aka ce kasafin jiha yana da giɓi sai a fara raɗe-raɗin rage ma'aikata. Shin gwamnati na da ikon sallamar mutum don kawai babu kuɗi? Daga wani akawu, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Malam, giɓi daban, rashin kuɗin albashi daban. Giɓi shi ne abin da aka tsara kashewa ya fi abin da ake sa ran samu, kuma yawanci manyan ayyuka ne ke jawo shi, hanyoyi da gadoji da gine-gine, sai a cike da rance. Idan kana son sanin ko albashinka na cikin haɗari, ka buɗe takardar kasafin ka haɗa kason da ke zuwa daga Abuja da harajin VAT da kuɗin shiga na cikin gida. Ka cire bashin da ake yankewa tun daga tushe kafin kuɗin su iso jiha. Abin da ya rage shi za ka auna da albashi da fansho. In ya rufe su, to maganar ba ta rashi ba ce, ta zaɓi ce.

Game da iko kuwa, ma'aikacin da aka tabbatar da shi ba a korarsa da sanarwar rediyo. Kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa ɗauka da ladabtarwa da sallama a hannun Hukumar Kula da Ma'aikata ta Jiha, kuma dole ta bi ƙa'idojin aikin gwamnati. In laifi ne, sai an ba ka takardar tuhuma ka kare kanka. In kuma rage ma'aikata ne, sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce a sanar da ƙungiya dalili da adadi, a fara da wanda ya shigo daga baya tare da duba ƙwarewa, sannan a zauna kan kuɗin sallama. Sai dai akwai tarko: ma'anar "ma'aikaci" a wannan dokar ba ta haɗa da jami'an gwamnati masu aikin gudanarwa ko na ƙwararru ba. Irinsu sun fi dogara da ƙa'idojin aiki da takardar ɗaukarsu.

Abin da masu raɗe-raɗin ba su cika lissafawa ba shi ne tsadar sallamar kanta. A tsohon tsarin fansho, mai shekara 10 yana da garatuti kashi 100 na albashin shekara da fansho kashi 30. Kowace shekara bayan nan tana ƙara kashi 8 a garatuti da kashi 2 a fansho. Kai mai shekara 20, garatutinka kashi 180 ne, fanshonka kashi 50. Mu ƙaddara albashinka na shekara naira miliyan 1.2 ne. Ranar da aka sallame ka gwamnati ta ci bashin naira miliyan 2.16, kuma za ta riƙa biyanka dubu 600 duk shekara. Ribarta dubu 600 ce kacal a shekara, sai ta yi sama da shekara uku da rabi kafin ta mayar da kuɗin garatutin. Shi ya sa jihar da ta yi kora don ƙarancin kuɗi takan ƙare da tarin garatutin da ba ta biya ba, wato bashin ya tashi daga wannan littafi ya koma wancan. Sashe na 210 na kundin tsarin mulki kuma ya hana a riƙe wa ma'aikacin jiha fansho ko garatutinsa ba bisa doka ba.

Tun yanzu ka tara takardunka a fayil ɗaya a gida: ta ɗauka aiki, ta tabbatarwa, ta kowane ƙarin girma, shaidar haihuwa, da takardun albashi na watannin baya. Wasu daga cikin waɗanda tantancewa ke kayarwa ba ma'aikatan bogi ba ne, mutane ne da ranar haihuwarsu ta fayil ta saɓa da ta BVN ko NIN. In takardar sallama ta zo, ka karɓa, ka rubuta ranar a jikinta, ka rubuta ƙorafi ga hukumar ta hannun shugabanka, ka ga lauya. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce kaɗai ke da hurumi a kan irin wannan ƙara, kuma gara a shigar kafin wata uku su cika, don lauyoyin gwamnati sun saba kafa hujja da dokar kare jami'ai mai wannan wa'adi.

Tambaya: Ina cikin shugabannin reshen ƙungiyarmu. Idan gwamnati ta ce ko dai mu yarda a rage wani abu ko a rage mutane, me ya kamata mu sassauta, me kuma ba za mu taɓa ba? Daga wata malamar asibiti, Tambuwal.

Amsa: Hajiya, kafin ku sassauta komai ku nemi a buɗe muku littafi: kason wata 12 da suka wuce, jadawalin albashi mataki-mataki, da abin da ake kashewa kan masu muƙaman siyasa. Wanda ya ƙi nuna lissafi bai shirya sulhu ba.

Abin da za a iya bayarwa shi ne wanda ba ya bin mutum har ritaya. A dakatar da ɗaukar sababbi in ban da likitoci da malamai, a bar guraben masu ritaya a shekara 60 ko 35 na aiki ba a cike ba, a jinkirta ariyas na ƙarin girma, a rage tafiye-tafiye da bita. Abin da ba a taɓawa shi ne tushen albashi, domin da albashin ƙarshe ake lissafin fansho. Wanda aka rage wa tushe ana saura shekara ɗaya ya bar aiki, ragin zai bi shi har kabari. Mafi ƙarancin albashi ma ba na ciniki ba ne. Doka ce ta ƙasa, naira dubu 70 tun Yulin 2024, kuma babu yarjejeniyar da za ta halatta ƙasa da haka.

Inda ƙungiyoyi ke faɗuwa shi ne rubutu. Kada ku sa hannu a kan "har tattalin arziki ya gyaru". A rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa. A rubuta cewa kuɗin jinkirtawa aka yi, bashi ne, ga watan da za a fara biya. A sa sharaɗi mai lamba: idan kason jiha ya kai kaza wata uku a jere, ragin ya faɗi da kansa. A rubuta cewa ba za a sallami kowa ba muddin yarjejeniyar na aiki, in ba haka ba kun ba da kaza kun rasa ƙwai. Shugaban Ma'aikata da Kwamishinan Kuɗi su sa hannu, a fitar da takardar umarni ga ma'aikatu, a kai kwafi ga Ministan Ƙwadago. Ku kuma koma ga mambobi su amince kafin sa hannu, ba bayansa ba.

Yajin aiki makami ne, amma da kuɗinsa. Sashe na 43 na Dokar Rikicin Ƙwadago ya ba da damar hana albashin kwanakin yaji, kuma ku na asibiti kuna cikin masu muhimman ayyuka, dokar ta fi tsananta muku. A Kaduna, a Mayun 2021, Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, NLC, ƙarƙashin Ayuba Wabba ta kira yajin gargaɗi na kwana biyar kan sallamar ma'aikata, aka janye a rana ta uku bayan gwamnatin tarayya ta shiga tsakani. Yaji yana kai ku teburin sulhu ne kawai, sauran aikin na alƙaluman da kuka riƙo ne.

Tambaya: Ba za a iya sake ba jihohi tallafin biyan albashi kamar na zamanin Buhari ba? Daga wani malamin firamare, Gwadabawa.

Amsa: Malam, na 2015 ba kyauta ba ne. Rance ne ta hannun Babban Bankin Najeriya, na shekara 20 da ruwan kashi 9. Kai kuma albashinka daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, kashi 20.60 na asusun tarayya, ba daga kashi 26.72 na jihohi ba. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Don haka abin da ya kamata ƙungiyar malamai ta NUT da ta ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, su riƙa bibiya shi ne nawa ya shigo wa kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 23 na Sakkwato a wata, nawa kuma aka ware wa malamai kafin a taɓa sauran.