Amsar tambayar Baffa: me ya haɗa barewa da igwa?

Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Saƙonka na murya ya same ni bayan sallar asuba, na saurare shi sau uku ina dariya ni kaɗai a cikin mota. Ka ce ka ga hoton da na tura wa su Inna, ka ƙura wa bakin bindigar ido ka ga ramin da ƙaramin yatsa zai shiga, sannan ka dubi abin da na kayar ka ga ko ragon layya bai kai ba. Shi ne kake tambaya ko a Amurka da igwa ake harbin gada. Daga ƙarshe ka yi ƙasa da murya ka ce, hukuma ta san da ita kuwa?

Bari in fara cire maka wannan fargabar. Ta sani. Ranar da na saye ta sai da na cike takardar gwamnatin tarayya mai lamba 4473, mai shagon ya tura sunana aka bincika ko ina da wani laifi, sannan ya miƙo mini. Lasin farauta kuma daban yake, kowace shekara ake sabuntawa. Na san abin da kalmar bindiga ta koma a kunnen mutanenmu a 'yan shekarun nan, shi ya sa ban ga laifin Inna ba da ta ce a goge hoton. Amma a nan Alaska bindigar farauta kayan gida ce kamar galma a wurin manomi. Malamar makaranta tana da ita, direban bas yana da ita, kuma hirarsu a watan Satumba ba ta wuce waye ya cika firizarsa da nama, waye bai samu ba.

To, batun igwa. Gaskiyarka, barewar ƙarama ce. Irin wadda ake kira Sitka ce mai baƙar jela, namijin da ya ƙoshi yakan yi kilo 55, wani ƙato ya doshi 90. Da ita kaɗai ce a dajin, da adakarka ma ta isa. Matsalar maƙwabciyarta ce. Inda muke zuwa, tsibirin Kodiyak, tafiyar kamar awa guda a jirgi daga birnin Ankorej, akwai wata dabba da ba mu da ita a ƙasar Hausa, ana ce mata beyar, Larabawa su ce dubbu. Ka ƙaddara kura ce ta yi girman bijimin sa, ga farata tsawon yatsun hannu, ta kuma iya miƙewa tsaye a kan ƙafa biyu. Babban namiji yakan haura kilo 600, kuma a ɗan gajeren zango doki ne kawai zai yi tsere da shi. Kusan 3,500 ne a waɗannan tsibirai. Ita barewar ma baƙuwa ce, tsakanin 1924 da 1934 aka kawo kakanninta aka saka. Mai gida tana nan tun fil azal.

Maharban tsibirin suna da wata magana, wai ƙarar bindiga ƙararrawar cin abinci ce. Wasu beyar sun gane cewa inda aka ji harbi, can za a bar kayan ciki. Kai ka san halin da mutum ke ciki sa'ad da yake fiɗa: ya durƙusa, hannu duk jini, kai a sunkuye, iska tana kai ƙarni ko'ina. Ga dajin ba irin namu na Lame ba ne da za ka hango abu daga nesa. Sarƙaƙiya ce ta wani icce mai suna alda, wani wurin ba ka ganin taku goma gabanka. Saboda haka wanda zai sayi bindigar zuwa can, ba barewa yake aunawa ba. Yana auna abin da ka iya ɓullowa bayan barewar ta faɗi.

Tawa Marlin 1895 ce, irin masu liba. Ga yadda take: a ƙarƙashin kunama akwai wani ƙarfe mai kama da hannun buta, shi ne liban, yatsu uku suna ciki. Ka tura shi ƙasa, kwanson da ka harba ya fita ta gefe. Ka dawo da shi, sabon harsashi ya hau, bindiga ta ɗanu. Ba ka sauke ta daga kafaɗa ba, idonka bai bar abin harbi ba. Harsasan suna jere a cikin wani bututu ƙarƙashin hancin bindigar, guda shida a tawa, gajerun da aka fara fitarwa a 1998 kuma huɗu suke ɗauka. Hancin bai kai rabin mita ba, nauyinta kilo uku da ɗoriya, don haka ba ta sarƙewa a rassa. Na zaɓi ta farin ƙarfe wanda ba ya saurin tsatsa, domin ruwan sama a Kodiyak ba ya gajiya, ga iskar teku mai gishiri. Liban ma na nemi mai faɗin baki, saboda a watan Nuwamba da safar hannu mai kauri ake harbi. Kamfanin Ruger ne ke ƙera su tun da ya sayi sunan Marlin a 2020. Akwai kuma na kamfanin Henry, abokin tafiyata ita yake riƙewa, ban ga abin da tawa ta fi tasa ba sai dai sabo.

Harsashin kuwa, za ka ji daɗin tarihinsa, don ɗan'uwan albarushinka ne. Sunansa .45-70, sojan Amurka suka fara amfani da shi a 1873, shekara talatin kafin Turawa su shiga Kano. Lamba 45 faɗin dalmar ce, kusan milimita 11 da rabi. Lamba 70 kuma awon baƙin albarushin da ake ɗura masa a wancan zamani. Yanzu garin zamani ake sawa, amma sunan ya zauna. Dalmar asali giram 26 ce. In ka tuna ta AK-47 giram 8 ce kacal, za ka gane bambancin jifa da tsakuwa da jifa da taɓarya. Ba shi da gudu, amma in ya shiga ba ya son tsayawa, kuma abin da ake nema ke nan a jikin dabba mai kitse da ƙashi kamar turmi.

A nan ne na fi shan wahala, domin zaɓen harsashi ya fi zaɓen bindiga ruɗani. Kwali uku za ka gani a kanta, duk an rubuta .45-70, amma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai mai sanyi, wanda aka yi don kada tsofaffin bindigogin ƙarni na 19 su fashe. Akwai matsakaici, na irin tawa. Akwai mai zafi ƙwarai, wanda a jikin kwalin ma an lissafa bindigogin da za su iya ɗaukarsa. Ni da rawar kan sabon shiga sai na ce a ba ni mafi zafi. Harbin farko a filin gwaji, bindiga ta yi shuri, madubin saiti ya sare ni a gira, na dawo gida da filasta. Sarar ba ita ce asarar ba. Wata biyu na yi ina runtse ido kafin in ja kunama, jikina yana gudun abin da zai biyo baya, harsashi yana tafiya inda ya ga dama. Wani dattijo maƙwabcina, ɗan ƙabilar Alutik, mutanen tsibirin na asali, shi ya warkar da ni. Ya riƙa ɗura mini bindigar a bayan idona, wani lokaci da harsashi, wani lokaci babu. Duk sa'ad da na ja kunama a kan wofi na ga bakin bindiga ya yi sujada, sai ya yi murmushi bai ce komai ba.

Sai kuma ita kanta dalmar. Mai sauƙi, ta giram 19 mai rami a baki, tana buɗewa da wuri. A jikin barewa tana kayarwa nan take, amma in ta sami kafaɗa sai ka zubar da rabin naman, kuma ba zan so in dogara da ita a gaban beyar ba, don tana iya tarwatsewa kafin ta kai inda ake so. Mai tauri, ta giram 27 ko 28 da aka gauraya dalmarta ta yi ƙarfi, ba ta buɗewa sam, ratsawa take ta fasa ƙashi ta wuce. Wasu sukan sa mai taushi a gaba don barewa, masu tauri a baya don ko-ta-kwana. Na gwada na daina. Ba wuri ɗaya suke sauka ba, kuma ranar da hankali ya tashi ba ka da lokacin tuna wanne ne a sama. Na tsaya a kan guda ɗaya, giram 26 mai rigar tagulla da bakin dalma, ƙarfi matsakaici, na saita bindiga da shi, shi nake harbawa ko a filin gwaji.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: bakin dalmar dole ya zama shafaffe. Tunda a jere suke cikin bututu, bakin na baya yana tokare da gindin na gaba, daidai inda ake bugawa wuta ta tashi. Mai tsini in bindiga ta yi shuri zai iya tayar da ɗan'uwansa a cikin bututun, a hannunka. Kamfanin Hornady ya fito da wani mai tsinin roba mai laushi don kauce wa wannan, yana ƙara ɗan nisa, mutane da yawa suna yabonsa.

Ba zan ɓoye maka aibinta ba. Bindigar kusa ce. In na saita ta a mita 100, kafin mita 200 harsashin ya sunkuya fiye da kamu guda. A farkon kaka barewa suna can saman duwatsu inda babu itace, harbi yana kai mita 300, wanda ke riƙe da bindigar harbin nesa irin .30-06 ko .338 ya ci nama ni ina kallo. Da yawa daga cikin tsofaffin hannu irin waɗannan suke riƙewa, wasu ma .375, kuma ba su yi kuskure ba. Ni dai Nuwamba nake zuwa, lokacin da ƙanƙara ta koro barewa ƙasa cikin sarƙaƙiya. Da a jihohin kudu nake, inda sai ƙaramar baƙar beyar, da tsohuwar bindiga .30-30, mai ƙaramin harsashi, ta wadatar.

Ka tambaya ko na taɓa kashe beyar, ko muna ci. Ban taɓa ba, Baffa. Farautarta a Kodiyak sai da izini na musamman, galibi ta hanyar ƙuri'a, kuma wanda ya kashe ɗaya sai ya jira shekara huɗu. Ba a taɓa uwa mai 'ya'ya. Fata da ƙoƙon kai sai an kai wa ma'aikatan daji cikin kwana 30 sun sa hatimi, su cire haƙori ɗaya, da shi suke gane shekarunta. In kuma don kare rai ka harbe ta, ka feɗe ka miƙa wa gwamnati fatar da kan, ka rubuta bayani. Abin da zai ba ka mamaki, in ta zo ta ƙwace barewarka, doka ba ta ba ka damar harbinta saboda nama ba, sai in rayuwarka ta dogara a kan naman. Ka ja da baya, ka bar mata. Batun ci kuwa, mai fiƙa ce. Malamanmu na Malikiyya a mashhurin zance makaruhi suka ce, sauran mazhabobi uku suka ce haram, kuma a masallacinmu na Ankorej da muke cakuɗe da 'yan Gambiya da Somaliya da Pakistan, ban ga wanda ya kawo ta walima ba. Barewa dai ina yin bisimilla kafin in ja kunama, in na tarar da sauran rai in yanka, kamar yadda ka koya mana. Barin nama a daji ya lalace babban laifi ne a nan, har ɗauri ana yi, don haka komai nisa a baya ake goyo shi.

Sau ɗaya muka yi ido huɗu da beyar. Ina cikin fiɗa, abokina yana tsaye da bindiga yana gadi, don ba ma sunkuyawa mu biyu a lokaci guda. Sai ya ce mini a hankali, tashi. Tana tsaye kamar taku arba'in, tana shinshina iska. Na ɗana bindiga, hannun hagu na laluba gwangwanin barkonon feshi da ke ɗamarata, wanda shi ma ba ma fita sai da shi. Muka yi ta yi mata magana da ƙarfi, ni dai abin da ya zo bakina Ayatul Kursiyyu ce. Ta dube mu, ta dubi naman, ta juya ta shige alda ba ko ƙarar ganye. Cinya biyu da gadon baya muka kwasa a guje zuwa bakin ruwa, da muka komo ɗaukar saura mu biyu muka tafi, muna tafe muna waƙa kamar masu kai amarya.

Ka ce in Allah ya kawo ka sai ka gwada hannunka. Ina maraba, amma baƙon da ba ɗan ƙasa ba dole ya ɗauki jagora mai lasin kafin ya harbi babbar dabba, kuma kuɗin jagoran beyar ya isa kujerar Makka ta mutane da dama. Filin gwaji kuwa, in ka yanki lasin farauta, zan sa maka harsashi mai sanyin.

Naman bana na yanyana rabinsa na yi kilishi a tanda, sai dai tunkuzar da na haɗa da man gyaɗar kanti ba ta kama ba. In akwai mai tahowa, a taimaka mini da ƙuli-ƙuli da yaji, a rufe su da kyau kuma a rubuta abin da ke ciki saboda masu bincike a filin jirgi. A gaida Inna da su Goggo.