Me Ya Sa Allurar Ba Ta Yi wa Inna Aiki Ba?

Tambaya: Likita, mahaifiyata ta yi kwana 12 kwance a asibiti. Bayan an sallame ta, ciwon fitsari ya kama ta. An yi mata allurar seftiriyakzon kwana uku, zazzaɓin bai sauka ba. Me ya faru? Daga wata 'yar'uwa a Tawa.

Amsa: Allah ya ba Inna lafiya. Abin da nake zargi shi ne ƙwayoyin cutar da ke zaune cikin hanji, irin su E. coli da Klebsiella. Wasunsu na fitar da sinadarin da muke kira ESBL, wanda ke farfasa magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su seftiriyakzon da amoksisilin tun kafin su yi aiki. Mai kwanciya asibiti yakan ɗauke su ta hannuwa ko bayan gida, su zauna cikinsa shiru har su samu hanya zuwa mafitsara.

Ku koma yau a yi awon fitsarin, a gano maganin da zai kashe ƙwayar. Don Allah kada ku ƙara mata kafson 'yan talla, abin yana damuna ƙwarai. Duk mai jinyarta ya wanke hannu da sabulu bayan ya zubar da fo.