Amsa: Bishiyar shayi za ta yi a gaban gida don ado?

Ɗan'uwa, ka ce kana Jos, kana son shuka bishiyar shayi a gaban gida don ado, ko za ta yi? Za ta yi, in sha Allahu. Da a Kano ko Sakkwato kake, da na ce ka haƙura, zafin bazara da bushewar hunturu za su ƙone ta. Sanyi da wadatar ruwan sama take so, shi ya sa ake nomanta a tsaunin Mambila, can Taraba.

Rigimarta tana ga ƙasa. Mai tsami take so, pH (ma'aunin tsamin ƙasa) 4.5 zuwa 5.5, wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Don Allah kada ka zuba mata toka! Ni na yi wannan gangancin, ba a jima ba ganyen ya koma ruwan ɗorawa, jijiyoyinsa kaɗai suka rage kore. Ruɓaɓɓen ganye za ka tara mata a gindi, ka kuma ajiye mata ruwan sama a duro.

Dasa ta inda take samun hantsi, inuwa da la'asar. Ka riƙa datse kanta daidai ƙugu, in ba haka ba miƙewa za ta yi. Furenta fari ne ƙarami, tsakiyarsa rawaya. Tsinkar ganye kuwa, sai ta kai kamar shekara 3.