Ga ƙanena da ke Jamus, kan maganar rubuta aƙida ɗaya

Ƙanena, tun jiya da dare na karanta tambayarka, barci ya ƙi zuwa sai da na tashi na zauna ba ka amsa. Ka ce ku goma sha biyu ne a taronku na maguzawan zamani a can Jamus, an ɗora maka rubuta takardar da za ta faɗi abin da kuka yi imani da shi gaba ɗayanku, ga shi wata biyu ko layin farko ba ku wuce ba. Wasu sun ce alloli da yawa ne, kowanne da kansa yake. Wasu sun ce duk fuskoki ne na abu guda. Wasu kuma sun ce ƙasa da ruwa da rana kawai suke girmamawa, ba su san da kowa a bayansu ba. Ramin da kake bakinsa, ni na riga ka faɗawa, har yau da tabon a jikina.

Namu taron a wani gari ne a arewacin Ingila, a ɗakin saman wata mashaya, sau ɗaya a wata. Shekara huɗu ina zuwa. Akwai 'yan Wika, wato addinin maita na zamani, akwai Duruyid biyu masu farfaɗo da tsohon addinin Birtaniya, akwai wani saurayi mai bin Odin da Tor, allolin arewacin Turai, sai ni kaɗai baƙar fata, jikar Maguzawan ƙasar Malumfashi. Lafiya lau muke. Bukukuwa takwas na shekara da maguzawan zamani ke yi duk tare muke yi, in kai musu waina su kawo nasu burodin. Rigima ba ta shigo ba sai da aka ce muna son kujera a majalisar addinai ta garin, su kuma suka ce mu kawo bayanin aƙidarmu a rubuce.

Wani dattijo ne ya karɓi aikin, ba zan kama sunansa ba. Ya fi shekara talatin a Wika, kowa na ganin girmansa, ni ma haka. Kullum misalinsa Druid Network, ƙungiyar 'yan Duruyid, wadda hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta Ingila ta amince da ita a matsayin addini a 2010, ya ce su ma sai da suka zauna suka rubuta. Ya ce kowa ya kawo layi uku. Na yi mako biyu a kan nawa. Na rubuta cewa iskoki suna da yawa, kowanne da sunansa da halinsa da abin da yake karɓa. Inna daban, Sarkin Rafi daban, Kure daban. Wanda ya kira ɗaya da sunan wani ya yi rashin ladabi. Haka na tashi na gani. Kakata ba ta taɓa zuba gumba a gindin tsamiya ba tare da ta kama sunan wanda take ba wa ba.

Ranar taron ana ruwa. Ya karanta na kowa ba tare da ya ɗago ba, da ya zo kan nawa sai ya tsaya, ya ciro jan biro daga aljihun rigarsa. A gabana, ƙanena, takardar tana kan tebur tsakanin kofunan shayi, ya ja layi a kan sunan Inna. Ya rubuta a sama cewa duk alloli mata fuskokin Uwa ɗaya ne, maza kuma fuskokin abokin zamanta. Na ce masa ba haka na rubuta ba. Sai ya yi murmushi ya dafa bayan hannuna, ya ce ya gane, mutanena suna ganin rassa ne, su kuma sun riga sun gano gindin bishiyar, a hankali zan fahimta. A hankali zan fahimta! Mutumin da addininsa bai fito fili ba sai bayan 1951, da aka soke dokar hana maita a Ingila, Gerald Gardner, wanda ya fito da Wika, ya samu bakin magana, shi ne yake faɗa mini kakata ba ta san wanda take yi wa yanka ba. Ba ƙanƙantar shekarun addininsa nake zagi ba, kowane abu da ranar da ya fara. Dafa hannun nan ne ya tsaya mini a wuya. Da tsawa ya yi mini da na rama.

Aka ce a ɗaga hannu. Matar da take rage mini hanya a motarta duk wata, wadda na kwana biyu a asibiti wajenta da aka yi mata aiki, ta ɗaga nata tana kallon cikin kofinta. Saurayin nan mai bin Odin ne kaɗai ya bar nasa a ƙasa, shi ma bai ce uffan ba. Na ɗauki jakata na sauko. Na fi rabin awa a tashar bas ruwa na dukana ina kuka, ina jin kamar ni na kai kakata kasuwa aka yi mata tsirara. Na rantse da aradu ko a gida, inda aka kira mu arna tun muna yara har kunne ya saba, ban ji zafin da na ji a daren nan ba, don waɗancan ba su taɓa cewa su 'yan'uwana ba ne. Har yau bai kira ni ba. Takardata ma bai mayar mini ba.

To ka ji. Kada ku kaɗa ƙuri'a a kan alloli. Ko me za ku yi, wannan kada ku yi shi. Wanda aka kayar ba zai canja abin da ke ransa ba, tafiya kawai zai yi.

Bayan abin ya lafa na bi tarihin masu irin wannan yunƙuri, don in san ko mu kaɗai ne. A 1974 wata majalisar 'yan Wika ta Amurka ta zauna a Miniyafolis ta fitar da ƙa'idoji 13; ƙa'idojin suna nan ana karantawa, majalisar kuwa ba ta daɗe ba ta watse. Pagan Federation, ƙungiyar maguzawan zamani ta Ingila, da aka kafa a 1971, ƙa'idoji uku kacal ta tsayar, amma ko su masu bin allolin arewacin Turai sun daɗe suna ƙorafin cewa ƙamshin Wika suke yi. A 1998 da aka taru a Bilniyus ta Lituweniya don haɗa kan masu irin wannan addini, sunan da za su kira kansu ma sai da aka yi ta ja, daga ƙarshe aka ajiye kalmar fegan, wato arna, aka ɗauki sunan addinan ƙabilu. Waɗanda suka burge ni su ne na Ayislan. Ƙungiyarsu ta Asatiru, masu bin allolin arewacin Turai, ta kafu a 1972, gwamnati ta amince da ita a 1973, tana nan tana ƙaruwa, kuma ba ta tilasta wa kowa yadda zai fahimci Odin. Wani ya ɗauke shi mai rai, wani ya ɗauke shi misali, su tsaya a da'ira ɗaya ƙaho ɗaya da ake shan abin sha a ciki na zagayawa.

Ni wannan ai gida ya tuna mini. Kowane gida da tsafinsa da ya gada wajen uba, na maƙwabci daban, ba a taɓa zama a daidaita su ba. Kuma kai ma ka sani, mutanenmu sun yarda akwai Allah can sama, amma ba shi ake yi wa yanka ba, da iskoki ake hulɗa. To a wane layin za ka sa mu, masu cewa ɗaya ko masu cewa da yawa? Ba mu shiga ko ɗaya. Abin da kakata take tambaya shi ne an kawo zakaran, kuma kalar da ake so ce?

Don haka ku rubuta abin da hannuwanku ke yi. Ranar da kuke haɗuwa, wa ke fara zuba abin sha, me ake kawowa, me ba a kawowa. Ku rubuta cewa in ƙaho ya zo hannun mutum, sunan da ya ga dama zai kira, ba mai gyara masa, ba mai yi masa fassara daga baya. In dole sai an yi maganar alloli, ku ce a cikinmu akwai masu ganin kaza, akwai masu ganin kaza, ku jera duka ukun kowanne da bakin mai shi. Mai riƙe da biro kuma kada ya zama shi ne shugaban zama. A nan aka cuce ni. Tunda kai ne marubuci, ka ba wani kujerar, kuma kada ka taɓa layin mutum sai yana wurin ya ce ya yarda.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, don kai baƙo ne a ƙasar mutane. A cikin masu bin allolin arewacin Turai akwai masu cewa addinin na jini ne, baƙar fata ba shi da wuri. Abin ya kai a 2016 ƙungiyoyi da dama suka sa hannu a wata sanarwa da ake kira Declaration 127 suna nesanta kansu da wannan ra'ayi. Ka sa layin nan a takardarku tun yanzu da ake dariya da kai, cewa launi ko asali ba ya hana kowa shiga. Wannan shi ne layin da na yarda a kaɗa ƙuri'a a kansa, kuma ka lura da hannun da ya yi nauyin tashi. Sannan ka kula da sunanka a takardar. In 'yan gidanku ba su san inda ka sa gaba ba, kada ka bari a buga ta a intanet da sunanka a ƙasa, ka san yadda magana take isa gida kafin kai.

Yanzu mu huɗu ne muke haɗuwa a kicin ɗina, har da saurayin nan. Shi ya zuba wa Tor giyarsa, ni in dama gumba in kira Inna, ba mu rubuta komai ba tukuna. Turo mini layin farkon da ya gagare ku in gani, ka kuma faɗa mini wa ya kawo shi.