Mako uku yana shan magani, har yanzu bai fito daga ɗaki ba

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ɗana shekararsa 24. Bara ya yi wajen kwana goma ba ya barci, ga surutu ba ƙaƙƙautawa, har ya rabar da jarin shagonsa. Bana kuma abin ya juye, ya kulle kansa a ɗaki, ko wanka sai an yi da gaske. A asibiti an ce bipolar ce, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai kai mutum sama wani lokaci, wani lokacin kuma ya jefa shi cikin damuwa mai tsanani, aka ɗora shi a kan maganin lamotrigine. Yau mako uku ba mu ga canji ba. Kawunsa ya ce a sayo masa amitriptyline a kemis, wai shi ma ita ta yi masa magani. In saya? Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Don Allah kada ki saya. Ciwon damuwar kawunsa daban, na ɗanki daban. Mai bipolar idan ya sha maganin damuwa irin amitriptyline shi kaɗai, yana iya cilla shi can sama, ku koma gidan jiya: rashin barci, surutu, ɓarnar kuɗi.

Shi kuwa lamotrigine, tafiyar hawainiya yake yi, kuma da gangan ne. Yawanci ana farawa da miligiram 25 a rana na mako biyu, sai 50 na wani mako biyun, sannan 100, kafin a kai 200 wajen mako na shida. Kin ga ke nan ɗanki ko rabin adadin da ake so ya kai bai kai ba. Dalilin jan ƙafar shi ne fata. Idan aka yi gaggawar ƙarawa, haɗarin wasu ƙuraje masu tsanani yana ƙaruwa, waɗanda ke saɓule fata har cikin baki da ido. Ba kasafai suke faruwa ba, amma in kin ga ƙuraje a makonni takwas na farko, musamman da zazzaɓi ko gyambon baki, ya dakatar da shi, ku nufi asibitin koyarwa na Shika a ranar. Kada a ce ƙurajen zafi ne a shafa hoda. Haka in ya yi kamar kwana biyar bai sha ba, ba zai ɗora daga inda ya tsaya ba, likita zai mayar da shi ƙasa a sake hawa.

Gaskiyar da nake so ki riƙe ita ce, ƙarfin wannan magani ya fi yawa wajen hana damuwar dawowa, ba wajen fitar da mutum daga wadda yake ciki ba. Kuma bai cika tare hawan sama ba. Tunda ɗanki ya taɓa yin irin na bara, ki faɗa wa likitansa labarin tiryan-tiryan, don yana iya haɗa masa da quetiapine, wanda ya fi saurin aiki, ko lithium. Lithium tsohon hannu ne, tun 1949 wani likita a Ostireliya, John Cade, ya nuna amfaninsa, kuma yana rage haɗarin kashe kai. Sai dai yana son gwajin jini da na ƙoda a kai a kai, kuma zafin Zariya na watan Afrilu, ko azumi, ko gudawa na iya sa ya taru a jiki. Mai shan sa ba ya shan ibuprofen ko diclofenac sai da sanin likita.

Mutanenmu da an ga sauƙi sai a ce ai ya warke, a jingine magani. A nan ne ciwon ke dawowa. Addu'a da ruƙiyya ba su hana shan magani ba.

Kafin ranar komawa asibiti, ki riƙe maganin a hannunki, ki riƙa ba shi da kanki. In kin ji yana cewa gara ya mutu ya huta, kada ki jira ranar da aka rubuta muku a kati, ku tafi ko da tsakar dare ne.